Sadakar Da Na Cinye

Saura kaɗan da ban rubuta muku wannan ba. Sau uku ina farawa ina gogewa. Na farko hawaye ne suka hana ni ganin haruffa, na biyu na tuna akwai 'yan unguwarmu da ke karantawa, na uku kuwa kunya ce kawai, irin wadda ta hana ni ɗaga hannu a makaranta har na bar firamare ina aji huɗu. In kun ga kuskure ku yi mini uzuri, iyakar bokona ke nan. Abin ne ya cika mini ƙirji, ni kuma in abu ya cika mini ƙirji abinci nake nema. Yau na ce bari in gwada rubutu.

Sunana Mubaraka, shekarata ashirin da uku. Muna zaune a Kaura Namoda ni da Innata, a ɗaki biyu da ƙanenta Kawu Gwadabe ya ware mana a bayan gidansa. Awara muke soyawa muna sayarwa a cikin gida. Asalinmu Kurya Madaro. Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka tare Babana, Malam Maiwada, a hanyar gona, suka shiga daji da shi. Ba su kira kowa ba, ba su nemi komai ba, ba a kuma ga gawa ba. Da an ga gawa da an yi zaman makoki an watse. Da yake ba a gani ba, sai makokin ya zauna da mu.

Inna ta ƙi yin takaba, ta ce ba a yi wa mai rai takaba. Ko ƙofar gida ba ta leƙawa, wai kada ya dawo ya tarar ta fita ba da izininsa ba. Ni ce 'yar farinta, kuma ni kaɗai ta rage mata, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in ta ji daɗi ta ce "ke wagga". Haka ake yi wa ɗan fari a wajenmu, ba ƙiyayya ba ce.

Kullum da safe ina auna dawar da za a kai niƙa, gwangwani shida: biyu nawa, biyu na Inna, biyu na Baba. Da yamma in an kwashe tuwo, malmala biyun farko a kwanonsa suke shiga, wata koriyar langa mai murfi da bakinta ya ɗan ɓantare tun muna Kurya. Inna ta zuba miyar kuka a ƙaramin kwano, ta yaryaɗa man shanu, ta sa yaji a gefe yadda yake so, ta ɗora a kan akwatinta. A watannin farko haka tuwon yake kwana ya wuni har ya yi tsami, ba ta yarda a ɗumama. Sai ta kai wa awakin Kawu da hannunta, tana zuba musu tana kuka ba sauti.

Ni ce na kawo shawara. Na ce, "Inna, akwai wata tsohuwa a tsohuwar tashar jirgi, Gwaggo Kulsumu, 'yar gudun hijira ce kamarmu, ba ta gani sosai. In riƙa kai mata da safe, ya zama sadaka, Allah Ya dawo mana da Baba."

Ta ce, "Ki riƙa kai mata. Ki ce ta sa Malam cikin addu'a."

Wata biyar ina kaiwa. Ranar nan na je na tarar ɗakinta a buɗe, ba tabarma ba buta. Aka ce 'ya'yanta sun zo sun tafi da ita Gurbin Bore. Na tsaya da kwano a hannu. Akwai mabuƙata da yawa a wurin, wallahi da na miƙa hannu goma ne za su karɓa. Amma ni ba na iya yi wa baƙo magana. Sai na zagaya bayan wani tsohon tarago, na zauna a kan ƙarfen dogo, na buɗe murfin don kawai in duba.

Ƙamshin man shanun nan da yaji, shi ne ƙamshin hannun Babana in ya gama ci ya miƙo mini saura. Na ɗauki loma ɗaya. Ban san lokacin da na kai ƙarshen malmala ta biyu ba, da sanyinsa, ina ci hawaye na shiga miyar. Da na gama sai na ji shiru a cikin kaina. Tun ranar da aka ɗauke shi ban ji shiru irin wannan ba.

Na dawo gida Inna ta ce, "An ci?"

Na ce, "An cinye."

Shekara biyu da rabi ke nan kullum tambayar ɗaya ce, amsar ma ɗaya.

Da a kwanon abin ya tsaya da da sauƙi. Bai tsaya ba. Duk ranar da aka ce an sako mutane a wajen Zurmi, Kawu ya hau babur ya je ya dubo, ya dawo yana girgiza kai, ranar rabin awarar da na soya ba ta kai wa masu saye. Ba yunwa ba ce. Wani lokacin cikina har ciwo yake yi don cika, bakina na ci gaba da tauna. Da farko mutane yabo suke yi, suna cewa birni ya karɓe ni. Daga baya suka koma kallo. Zannuwana suka daina haɗuwa, hijabina na gaba ya ɗage, gwiwoyina suka fara ƙara in zan tashi. Tun azumin bana a kan kujera nake sallah, kamar tsohuwa. Inna na gani ba ta taɓa cewa komai ba. Na ɗauka kunyar 'yar fari ce.

Yanzu bari in kawo muku Armiya'u. Ɗan Shinkafi ne, hatsi yake saye yana lodawa zuwa kudu. Yakan sayi dawa a hannun Baba, a nan ya fara ganina. Da muka yi hijira sai da ya bi gida gida yana tambaya har ya gano mu. Duk Juma'a bayan masallaci yana zuwa zauren Kawu da farar shadda da ledar lemo, ya yi ta labari, ni kaina a ƙasa ina wasa da bakin hijabi. A waya nake iya yi masa magana. Bai taɓa yi mini gorin jikina ba, ko da wasa. An kai gaisuwa, an ce biki sai bayan girbi.

Abu ɗaya ne na daɗe ina gani ina kawar da kai. Hoton da ke fuskar wayarsa nawa ne, amma na shekara huɗu baya, a wani suna a Kurya, ina sanye da atamfa ruwan ɗorawa, wuyana kamar na barewa. Na taɓa tura masa sabo da na ɗauka da sallah. Ya ce ya yi kyau. Bai canja ba.

Makon jiya yayarsa Lauratu ta zo ɗaukar awona, don za su fara ɗinka wasu daga cikin kayan lefe. Ta shigo da leshi shuɗi da gyale mai duwatsu, turarenta ya riga ta shiga ɗaki. Ta gaida Inna, ta zaro igiyar awon tela daga jaka.

"Amaryarmu, tashi tsaye. Ɗaga hannu."

Ta zagayo da igiyar ta ƙuguna, ta ja, ta sake ja, ta leƙa lambar ta yi dariya.

"Ikon Allah. Saura kaɗan in aika a ƙaro wata igiyar. Ke kam turmi bibbiyu za a riƙa yanka miki, ɗaya riga ɗaya zane. Inna, mi kuke ba ta haka? Ku ba mu sirrin, mu da muke ta shan maganin ƙiba ya ƙi kama mu."

Inna ta ce, "Abin da Allah Ya hore."

Na yi murmushi, don ban san abin da ake yi ba in ba shi ba. Tana fita na shiga madafa na tsaya a kan kwandon awarar da aka riga aka yi wa ciniki. Sai da muka ba masu ita haƙuri.

Washegari saƙon Armiya'u ya shigo da bidiyo. Wata mata ce ake nunawa, a farko ta fi ni, a ƙarshe ta koma kamar ba ita ba. A ƙasa ya rubuta:

"Baraka, kalli wannan. Aiki ake yi, a rage wa mutum tumbi, sai ya daina cin abinci da yawa. Ana yi a Abuja. Kada ki damu da ɗawainiya, ni zan ɗauka."

Na rubuta, "Yanka ni za a yi?"

"Ɗan huji ne kawai, na tambaya. Don lafiyarki ne. Ina jin zafin ganinki kina sallah a kujera."

Wannan ya taɓa ni, don gaskiya ne. Sai ga wani ya biyo baya:

"Hajiyarmu ma ta ce in an yi, sai a sa rana hankali kwance. Ina so ki dawo mini, Baraka."

Na daɗe ina kallon kalmar nan. Ki dawo. Ni da nake zaune a gabansa duk Juma'a, ashe a wajensa ban nan. Ashe mu biyu aka ɗauke a Kurya, ni da Baba, kowa da mai jiransa.

Duk da haka kada ku ɗauka ban so aikin ba. Na so shi. Na kalli bidiyon ya fi sau ashirin. Na riƙa ganin kaina ina sujada goshina a ƙasa, ina shiga motar haya ba tare da direba ya dube ni ya dubi kujera ba. Na ce a raina, in an yanke inda abincin ke zuwa, dole in bari. Abin da na kasa yi da kaina wuƙa ta yi mini.

Ranar Laraba muka tafi Gusau a motarsa, Lauratu a gaba ni a baya, don a fara ganin likita a rubuta mana takardar zuwa Abuja. Armiya'u ya gaya wa Inna ciwon gwiwa za a duba. Asibitin kuɗi ne, likitar mace ce, Dakta Sa'ida, baƙa siririya mai farin gilashi. Aka ɗora ni a sikeli, kilo ɗari da goma sha takwas. Aka ɗibi jini aka ce sukari ya fara hawa. Lauratu ta riga ni zama a ofishin tana ta bayani a madadina, har likitar ta ce, "Hajiya, ɗan ba mu wuri, da mai jikin zan yi magana."

Da muka rage mu biyu ta ɗauko kofin shayi ƙarami daga kan teburinta ta ajiye a gabana.

"Aikin gaskiya ne, kuma yana taimakon mutane da yawa. Mai nauyinki da sukari irin naki tana iya cancanta. Amma ki san abin da za ki shiga. Za a cire mafi yawan tumbinki, kuma ba a mayarwa. Makonni za ki yi kina shan abu mai ruwa. Bayan nan abin da zai cika kofin nan shi ne cinki a zama ɗaya, in kin ƙara ki yi amai ko ki sha azaba. Za ki riƙa shan maganin ƙarin jini da na gina jiki har iyakar rayuwa. Kin gane?"

Na gyaɗa kai.

"To gaya mini, yaushe kike ci? Ba mene ba, yaushe."

Na zuba wa kofin ido. Ba ta matsa mini ba, ta cire gilashinta tana gogewa da bakin mayafi. Ban san me ya buɗe bakina ba. Wataƙila don ba ta sanni ba ne, kuma ba za ta haɗu da Inna a gidan biki ba. Na gaya mata komai, Baba, langar, taragon, "an ci, an cinye". Ita ce mutum ta farko da ta ji.

Ta miƙo mini takardar goge hawaye. Ta ce, "Malmala nawa ne a kwanon?"

"Biyu."

Ta dubi kofin, ni ma na dube shi.

"Ƙanwata, ina iya rubuta miki takardar nan yanzu. Amma ranar da kika dawo daga Abuja Innarki za ta kwashe tuwo da yamma, da safe ta miƙo miki. Ya za ki yi da shi? Likita zai rage tumbi, ba zai taɓa abin da ke aika ki bayan tarago ba. Na ga waɗanda aka yi wa aikin ba a duba wannan ba, suka koma suna ci suna amai suna kuka. Ban ce kada ki yi ba. Na ce ba yanzu ba. Akwai wata abokiyar aikina da ke zama da masu damuwa irin taki, zan haɗa ku. Ki dawo mini bayan wata ɗaya. In da hali ki zo da Innar."

Na ce, "Ba ta fita."

"To ki fara daga nan."

A mota Armiya'u ya dubo ni ta madubi. "An ba da takardar?"

"Ta ce sai an jira."

Lauratu ta juyo. "A jira mi? Girbi saura wata biyu. Ko tsoron allura kika nuna mata?"

Na kawar da kai. Har Kaura ina kallon gonakin dawa ta taga, duk sun fitar da kai.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, na zauna bayan azahar na rubuta masa abin da na gaya wa likita. Ya ɗauke ni fiye da awa ɗaya, don rubutuna a hankali ne. Na ce mutumin da zan aura ya kamata ya sani. Na tura. Ya karanta nan take.

"Subhanallahi. Allah Ya yafe miki, sadaka fa kika riƙa ci. Amma kin ga ai shi ya sa aikin ya dace. In cikin ya ƙanƙance ko kin so ba za ki iya ba. Zan nemi wani likitan."

Na karanta sau biyu ina neman inda ya ambaci Baba, ko inda ya ce sannu. Babu.

Na rubuta, "Yaya Armiya'u, in ba a yi aikin ba fa? In haka zan zauna, za a sa ranar?"

Na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo. Ta sake ɓacewa. Ina riƙe da wayar da hannu biyu kamar mai roƙo.

"Ana lodi yanzu. Zan kira ki."

La'asar ta yi, magariba ta yi, bai kira ba. Mutumin da ko yana kan buhu yake kirana ya ce in ji hayaniyar kasuwa. Da yamma na tuƙa tuwo, Inna ta kwashe malmala biyun farko a langa, ta yaryaɗa man shanu, ta ɗora a kan akwati. Ni kuwa nawa na cinye, na kankare tukunya na cinye ƙanzon, ban ji shirun nan ba.

Da safe, Juma'a, na yi sallah a kujerata, na sa hijabi na ɗauki kwanon. Na kai har zaure. Ba zan ɓoye muku ba, bakina ya riga ya tara yawu, ƙafafuna sun san hanyar tasha ko na rufe ido, kuma ban taɓa buƙatar bayan taragon nan kamar ranar ba. Na tsaya a inda Armiya'u yake zama, tabarmarsa na jingine a bango. Sai kofin likita ya faɗo mini a rai.

Na juya.

Inna na zaune a bakin ƙofarta tana jan carbi. Na durƙusa da ƙyar, gwiwata ta yi ƙara, na ajiye langar a gabanta na buɗe murfin.

"Inna, Gwaggo Kulsumu ta bar Kaura shekara biyu da rabi. Ba sadaka nake kaiwa ba. Ni nake cinyewa."

Carbin ya tsaya. Na sunkuyar da kai ina jiran duk abin da zai zo.

Ta ce, "Na sani. Kawunki ya hwaɗa mini tun watan da ta tahi."

Na ɗago.

"Kullum kina fita da fuska a ɗaure, ki dawo ta sake. Sai na ce, tun da shi bai ci ba, jininsa ya ci. Ni ina zuba mishi don kada ki ce na fidda rai da ubanki. Ashe cuta nike zuba miki. Ina ganin ki kina sallah bisa kujera, bakina ya kasa."

Muka yi kuka, irin wanda ya kamata mu yi tun shekara uku, har matar Kawu ta leƙo ta koma. Da ya lafa Inna ta share fuska da gefen zanenta, ta dubi tuwon ta daɗe.

"Mubaraka."

Sai da na waiga, wallahi, na ɗauka wata ce ta shigo.

"Hura wuta ki ɗumama shi, mu ci tare."

Na ɗumama. Muka ci malmala ɗaya mu biyu a cikin langar Baba, a hankali. Ɗayar ta ce in kai tasha in ba duk wadda na fara gani, in kuma buɗe baki in ce a yi wa Malam Maiwada addu'a, ko yana raye ko ba ya raye. Shi ma ban taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Wayata ta yi ƙara a ɗaki ina wanke hannu. Na leƙa, saƙon Armiya'u ne, dogo, farkonsa kawai na gani: "Baraka, na yi magana da Hajiya, ta ce..." Ban buɗe ba. Har yanzu da nake muku rubutun nan ban buɗe ba.

Na jawo buhun dawa na ɗauki gwangwani, kamar kullum. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na cika na biyar, hannuna ya tsaya a sama. Na dubi Inna. Ta rufe ido ta gyaɗa kai.

Na mayar da shi cikin buhu, na ɗaure bakin, na ɗauki huɗun da malmalar na fita.